Katakon da Ya Sha Mai

Alhamis, 27 ga Oktoba, 1960

Ka taɓa ganin garaya mai ƙugu? Ni yau na gani, rataye a rumfar Baba Labo kafinta, nan Tsibiri. Ba ƙwarya, ba fata, katako zalla, da rami a tsakiya kamar bakin tulu, da tsirkiya har shida. Gita sunanta. Daga soja ya zo da ita, ta tsage, ta daina magana.

Babana ya turo ni daga Gidan Sori in koyi yin ƙofa da benci. Ya ce turmi da akushi da munka gada suna nan, amma yanzu an samu mulkin kai, buro, watau ofis, za a yi ta ginawa, kowane buro kuwa da ƙofarsa. Baba Labo ya dubi hannuna, ya dubi gizagona, ya ce, "Nomau, ajiye wanga. Nan ba a sara, lallashi ake." Ya ce yara biyu sun zo kafin ni, duk ya maida su gida. Watau ni ma gwaji ne. In na yi, in zauna. In ban yi ba, hanya.

Ban ga ƙofa ko guda a rumfar ba.

Asabar, 29 ga Oktoba

Ashe sabuwar gita za mu yi. Mushe Bakari, malamin lakol, watau makarantar boko (Mushe ake ce wa malamanta), ya sa a yi mashi, yara za su yi waƙa da ita ran bikin jamhuriya, sha takwas ga Disamba. Na ce Baba, ƙofar fa? Ya ce ƙofa ba ta da ƙafa, tana nan.

Litinin, 31 ga Oktoba

Yau anka zaɓi itace. Ni na ɗauka gungume guda za mu samu mu rarake kamar turmi. Baba ya yi dariya har da tari. Wai guntu-guntu ake haɗawa, kowane da nashi itace. Baya da gefe da wuya, maɗaci. Inda yatsu ke dannawa, ƙirya, don ita ba ta jin farce. Waɗanga duk na san su, na san warinsu.

Sai fuska. Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe cikin tsohon zane. Farin katako ne, shafal, na akwatin kaya daga wani kanti na Maraɗi. Ya ce ya daɗe yana ɓoyonsa. A gidanmu ko muciya ba za a yi da shi ba. Na faɗa mashi haka.

Ya riƙe shi da yatsu biyu kusa da kunnena, ya ƙwanƙwasa.

Tunnn. Kuma bai tsaya ba, ya yi ta tafiya. Har cikin haƙorana na ji shi.

"Shi kenan gare ni," in ji Baba. "Ba wani."

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Danƙon manna katako da guntayen fata ake dafa shi. Wari! Inna Shatu, matar Baba, ta kore ni da tukunyata can gindin kuka. Karnukan unguwa sun ɗauke ni aboki.

Talata, 8 ga Nuwamba

Katako na lanƙwasuwa! Wallahi na lanƙwasa shi da hannuna!

Bututun ƙarfe anka ɗora kan garwashi. Ka jiƙa siririn maɗacin, ka goga shi a kai, ka danna kaɗan-kaɗan. Na farko na matsa da ƙarfi, ƙas. Baba ya ce, "Waɗanda na karya sun isa dafa tuwon suna. Ɗauki wani." Na biyu ina dannawa sai na ji ya saki jiki, kamar jakin da ya gaji da gardama. Ga ƙugu ya fito. Na ruga na nuna wa Inna Shatu, ta ce to, sai a ci?

Yatsuna sun ƙone, ban ma sani ba sai wajen alwala.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Baba ya ba ni fuskar in kankare da fasasshiyar kwalba. Ni, fuskar! Tun safe nake yi, garin katako na zuba kamar tsaki. In na ɗaga ta sama rana na ratsowa ja-ja. Ya duba ya ce, "Hannunka na da kunya. Haka ake so."

Akwai wata tsohuwa bayan danga, Iya Kadi, mai zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Tun da na zo ta ce ni ne mijinta. Kullum sai ta leƙo: "Maigida, yau ma ba cefane? Sakin nan dai nake jira." Yau na ce mata sai na gama yi wa amarya kwalliya. Ta ce amarya mai baki a ciki, Allah shi ba da zaman lafiya.

Talata, 15 ga Nuwamba

Baba ya tafi Maraɗi neman wayar birkin keke, da ita za a yi tsirkiya. Ni kaɗai a rumfa.

Na tsaya ina duban fuskar. Fara fat, siririya, ga iska ta fara bushewa. A gidanmu ba a barin sabon akushi ya kwana haka, tsagewa yake. Mai ake ba shi. Tsoro ya kama ni, kar Baba ya dawo ya tarar da ita biyu. Na roƙi man gyaɗa wurin Inna Shatu, na ɗumama, na yi ta shafawa gaba da baya har ta ƙi sha.

Kai, ta yi kyau! Kamar zuma. Gobe zai ga ni ma na zo da wani abu daga gida.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Ya gani.

Ya ɗauka da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa. Ɗaf. Kamar an mari tuwon jiya. Ya sake. Ɗaf. Ya ɗebo danƙo ya manna mata ɗan guntun itace, ya jira, ya taɓa da yatsa, abin ya sulale ƙasa.

"Wa ya sa ka?"

Na ce Baba, haka muke yi wa akushi.

"Akushi miya yake ci. Ka taɓa jin ya yi waƙa?"

Bai buge ni ba. Da ya buga da ya fi. Ya naɗe ta cikin zanenta ya maida ɗaki.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Ban ci tuwo ba. Ƙarya ne, na ci kaɗan.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Jiya bayan masallaci ya ce, ba fuska ba gita, zai je ya ba Mushe haƙuri. "Kai kuma ka gaida mini babanka." Na ce Baba, ka bar ni in nemo wata. Ya ce a ina, a kan itace take nuna? Amma ya ce in je.

To ina ta yawo ina ƙwanƙwasa katakon mutane. Akwatunan 'yan tebur, teburin mai shayi, marfin akwatin tela. Wani ƙusa ta cinye shi, wani duk ido ne, wani gara ta riga ni. Yara sun biyo ni, duk abin da na buga su ma su buga su kanga kunne. A bakin buro wani jandarma ya tarar da ni tsugune da kunne jikin akwati. Ya ce mi nake nema? Na ce murya. Ya dube ni da kyau ya ce, "Ɗan wa ne kai? Suna sane ka fito?"

Abin dariya ne, na sani. Na yi dariyar. Amma in na koma Gidan Sori tun sanyi bai shiga ba, mi zan ce?

Talata, 22 ga Nuwamba

Na samu! Kuma bayan danga take tun fil azal!

Na shiga wurin Iya Kadi shan ruwa, na zauna kan abin da take jera ƙorai. Hannuna ya saba, ya buga da kansa. Tunnn. Na zabura har na kifar da ƙwarya biyu.

Marfin wani dogon akwati ne, hayaƙi ya maida shi baƙi. Ta ce tun zamanin mijinta na fari yake nan, mai safarar goro.

Na ce Iya, don Allah don Annabi.

"Yau kuma Iya na zama? Ina matar?"

Na ce uwargida, ran gida, ki taimaki mijinki.

Ta ce za ta ba ni, amma da sharaɗi. Bakin gitar, ita za ta yi mashi zane. "Katakona ba zai fita gaban jama'a tsirara ba." Na ce na yarda. Sai da na ɗauko shi a ka na tuna ba ni ke da gitar ba.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Baba ya kankare gefe guda, fari ya fito ƙarƙashin baƙin. Ya buga. Ya juya ya buga. Ya daɗe yana saurare.

Sai ya ce, "Mi kake tsaye? Dafa danƙo."

Ban taɓa jin ƙamshi irin na danƙon yau ba.

Litinin, 28 ga Nuwamba

Rigima kan ado. Mushe Bakari ya zo da gwangwanayen fenti, yana son a shafe fuskar duka da launin tuta, ruwan lemo da fari da tsanwa. Baba ya ce fenti mai kauri toshe ta zai yi, "kamar man wani." Kowa ya waiwayo ni. Shi Baba zobe-zobe yake so kewaye da ramin, irin na tsohuwar gitarsa. Ana cikin haka Iya Kadi ta shigo da kaskon wutarta da ƙarafunanta, ta zauna.

Baba ya ce, "Kadi, wanga ba ƙwaryar fura ba ce."

Ta ce, "Ba da kai na yi magana ba, Labo. Da mijina na yi."

Dole na faɗi alkawarin. Baba ya rufe ido. Mushe ya goyi bayan zoben Baba, ya ce abin zamani ne, ya kamata ya yi kama da na zamani. Iya ta ce, "Mushe, ba cewa kunka yi Nasara sun tafi ba? To zobensu ya bi su." Mushe ya yi dariya har gilashinsa ya faɗi. Anka shirya: tuta ta koma kan maratayi, baduku zai yi shi da fata kala uku. Baki na Iya ne.

Ni na riƙe mata. Katakon ya yi siriri, in ƙarfen ya daɗe wuri guda hudawa zai yi, kuma ba wani marfi bayan wanga. Gumi har cikin idona. Ita kuwa 'yar waƙarta take yi ta hanci, hannun da ke rawa in ta ɗauki moɗa yau ko motsi. Ta yi sawun zabo kewaye, tsakaninsu ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba laifi." Iya ta ce, "Ka ji shi. Ba laifi. Haka ya ce ran da anka kawo mashi Shatu."

Asabar, 3 ga Disamba

An rufe cikin. Mun ɗaure ta ko'ina da tsohuwar robar keke, kamar wanda anka yi wa ɗori. Ba a taɓawa. Na taɓa sau ɗaya.

Alhamis, 8 ga Disamba

Wayar tagulla daga maƙera, ana dasa ta layi-layi kan ƙirya. Baba na aunawa daga tsohuwar gita da zare, in ya kuskure gashi guda wai muryar ta karkace. Inda tsirkiya za ta hau, ƙashin raƙumi. Ni na goge shi har ya yi kamar haƙorin yaro.

Talata, 13 ga Disamba

Ta yi magana.

Baba ya ɗaura wayoyin yana murɗa kunnuwa, ni ina jiran in ji ƙas. Ba ƙas. Ya zauna ya ɗora ta kan cinya ya ja yatsa sau guda, rumfar duka ta cika. Ya kaɗa wata waƙar soja da ban san harshenta ba, yana yi yana kallon ƙasa. Inna Shatu ta fito da muciya a hannu ta manta da tukunya. Iya Kadi ta taka rawa daga bakin danga har tsakar gida, tana cewa a ba ta wuri, kishin amarya take.

Ya ce in sa tafin hannuna a bayanta yana kaɗawa. Rai gare ta. Ban san yadda zan rubuta wanga ba.

Lahadi, 18 ga Disamba

Biki. Tuta, kalangai, 'yan lakol sun jeru, Mushe a gaba da gita rataye. Ni ina can baya don in ji ko za ta kai. Ta kai.

Wani mai garaya daga Cadakori ya matso bayan an gama, ya leƙa ramin da ido guda, ya ce ina fatar? Anka ce babu. Ya ce to mi ke kukan? Ya tambaya wa ya yi ta. Baba ya ce, "Ni da yarona." Iya daga cikin mata ta ce, "Ni da mijina!"

Yarona ya ce. Na ji da kunnena.

Mushe ya wuce gida da ita. Tashi ce, na sani. Na dai raka shi har ƙofa.

Talata, 20 ga Disamba

An kawo katako cike da amalanke. Ƙofofi da bencina na sabon aji. Baba ya ce, "To Nomau, ga abin da ka zo nema. Aika wa babanka ka ce sai damina." Na gode wa Allah. Ƙofa aiki ne mai kyau, ba lanƙwasa, ba wari, ka auna ka yanka ka buga ƙusa.

Wajen saukewa na ga wani maɗaci, jijiyarsa miƙe sak, ba ido ko guda. Na ga bai kamata ƙusa ta shige shi ba. Na jingine shi bayan rumfa na rufe da buhu. Ba don komai ba. Kyau kawai ya yi mini.

Baba ya zo wucewa, ya ɗaga buhun da ƙafa, ya sake shi. Bai dube ni ba ya ce, "Wanga ya yi gajere ga wuyan gita. Ɗauki na ƙarƙashinsa."

Ni ban ce wuya ba.

Bari in tafi, yana kira, kuma na ƙarƙashin yana can cikin rana.