Kawu, Wa Ke Cike Gurbin Dara?

Zuwa ga Kawu Tanko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan makwanci ya yi maka sanyi. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma wata tambaya ce ta tsaya mini a rai yau kwana tara, duk wanda zai iya amsa ta kuma ya riga mu gidan gaskiya. To bari in yi ta a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na ɓata maka suna.

Ina da jika, Bilki, 'yar ɗana Habibu. Ko uban nata ba ka sani ba. Tana shekara ta biyu a jami'a, abin da take karantawa kuwa, da ka ji sai ka yi dariyar nan taka mai ƙarewa da tari: wai warkar da marasa lafiya ta hanyar wasa da nishaɗi. Ni ma ranar da na fara ji na yi dariya har hula ta faɗi. Ubanta bai yi ba. Ya ce shi bai kai 'ya jami'a don ta koyo langa ba. Ranar Juma'ar nan za a zauna, ko ta koma karatun jinya ta faro daga farko, ko ta dawo gida. Ya ce abin da na yanke shi za a yi, don ya tabbata ina bayansa. Da gaskiyarsa, a lokacin ina bayan nasa.

Da ta zo hutu na sa ta gaba da tsiya, na ce amarya, in kin gama wa zai ɗauke ki aiki, sarkin 'yan gaɗa? Ta yi ta lissafo mini: asibitin ƙashi, wurin masu taɓin hankali, makarantun naƙasassu, har otal irin na bakin ruwan Bagauda da wuraren shaƙatawa. Duk bai shige ni ba. Can sai ta ce, "Kaka, wani ƙashinsa ya warke amma zuciyarsa ba ta tashi ba. Irin wannan ba a ce masa tashi. Abin da yake so ake ajiye masa, kullum a ɗan matsar da shi gaba."

Kawu, goron da ke hannuna ban san sa'ad da na ajiye shi ba.

Ka tuna shekarar da na faɗo daga ɗorawar gonarmu ta Yako? Zamanin En'e ne, Turawa ba su tafi ba, ina ɗan shekara goma sha uku. Cinya ta karye. Maɗori ya zo daga Kiru ya ɗaure ta da karare, na yi kwana arba'in ina kallon rufin ɗaki. Ya kwance, ya latsa, ya ce ƙashi ya kama. Ni na ce bai kama ba. Da na sa ƙafa a ƙasa sai in ji ƙarar nan ta ranar, ƙas, a cikin kunnena. Baba ya yi faɗa har ya ɗauko tsumagiya, Inna ƙanwarka ta yi kuka, an yi rubutu na sha. Na ci gaba da jan gindi abina, har yara suka fara ce mini gurgu.

Sai ga ka, farkon damina, kowa yana gona. Ko ƙafar ba ka kalla ba. Ka tsuguna a bakin ƙofar ɗakina ka haƙa gurbi talatin, ka miƙo mini duwatsu goma sha biyu, ka kakkarya kara goma sha biyu ka riƙe. Ka ce, "Ni ba dubiya na zo ba. Abokan darata ne duk suka tafi noma, ko kai ne a yi maneji."

Kwana uku kana cinye ni kana hamma. Rana ta huɗu na cinye ka, ni da kaina, a gaban Inna. Washegari na leƙo da ɗoki, gurbi ya cike. Ka ce, "Ruwa ne." Ka haƙa sabo a gindin rumbu. Na ja gindi na same ka.

Haka darar nan ta yi ta tafiya. Daga rumbu zuwa wajen turmi, daga turmi zuwa zaure. Tsakanin turmi da zaure akwai taɓo, ba ya jawuwa da gindi, dole na dafa katanga na miƙe. Na tarar da wata sanda a jingine daidai inda hannuna zai kai, har yau ban san mai ita ba. Daga zaure kuma sai waje, gindin durumin da dattawa ke zama, inda kunya ba za ta bar ni in ja jiki ba.

Ga abin da ke ɗaure mini kai. Akwai makon da ba a yi ko yayyafi ba, har ana maganar fita roƙon ruwa. Amma da safe gurbi ya cike, ka kuma ce, "Ruwa ne." Na ɗaga kai na dubi sama, na dube ka, na bar zancen, don hankalina yana kan ramuwa.

Ban manta abin da mutane ke cewa ba: Tanko ya bar ciyawa ta cinye masa gero yana wasa da yaro. Shekarar nan rumbunka bai cika ba. A lokacin ni ma na ɗauka lalaci ne.

Sai ranar ƙarshe. A gindin durumi, dattawa na kallo, saura taku ɗaya in jera uku in gama da kai. Ka sa hannu ƙiri-ƙiri ka ɗauke dutsena, ka jefa a aljihu, ka tashi ka kama hanyar Kafin Maiyaƙi ko sauri ba ka yi. Na bi ka ina ihu ina kiran ka ɓarawo, ban cim maka ba sai bakin rijiya, na riƙe maka riga ina haki ina kuka. Ka miƙo dutsen ka ce, "To ga ɗanka." Sandata tana can gindin durumi. Dattawa suna ta dariya, ni na ɗauka kai suke yi wa.

Ban sake zama dara da kai ba. Ni na laƙaba maka Tanko mai satar ɗa, sunan ya bi ka har kabari, ba ka taɓa musawa ba. 'Ya'yana ma da shi suka san ka. In ɗayansu ya yi maguɗi a wasa, da sunanka nake tsawata masa. Shekara saba'in ina tafiya da ƙafar da ka tayar, ina ba da labarinka a baibai. Kunya nake ji, Kawu, ba kaɗan ba.

Yanzu ka faɗa mini. Wa ya koya maka? Ka taɓa ganin an yi wa wani, ko daga kanka ka ƙago? Kana ƙirga takun da kake ƙara mini ne, ko da ido kake aunawa? Inna ce ta aiko ka? Ita ce mai cike gurbin kafin in farka, ko kai ne? Wannan kuma ta fi damuna: ranar nan ta huɗu, ni na cinye ka, ko bari ka yi? Bilki ta ce bari ka yi. Na ce ƙarya take, yarinya ce ba ta ga wasan ba. Amma tun da ta faɗa ban sami sukuni ba.

Bari in ƙara maka wata. Tun bara gwiwa ta zaunar da ni, ko masallacin ƙofar gida na daina fita. Ranar da Bilki ta sauka ta nace sai na koya mata dara, ta haƙa gurbi a ƙofar ɗakina. Bayan kwana uku wai kaji sun tone. Muka koma gindin dalbejiya. Jiya a zaure muka yi, wai can ya fi iska. Daga zauren zuwa masallaci taku ashirin ne, na ƙirga. Na yi kamar ban gane ba. Wannan karon ina kallo, ina so in ga yadda ake yi.

Ranar Juma'a da ƙafata zan fita salla, in Allah ya yarda. In mun dawo zan zaunar da Habibu in sake ba shi labarin Tanko mai satar ɗa, tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya, sannan in gaya masa yarinya za ta ci gaba da karatun da take yi. Ku kuma masu karanta wannan ku shaida: kawuna bai taɓa satar mini komai ba sai sanda.

Allah ya gafarta maka, Kawu, ya yalwata kabarinka, ya saka maka geron shekarar nan da abin da ya fi shi. Ka yafe mini. In Allah ya haɗa mu, ina bin ka wasa ɗaya, kuma kada ka bari.

Naka ɗan ƙanwarka,
Isa