Azarar Majami'ar Baba Yosefu

Jamus, watan Fabrairu

Zuwa ga Babana Yosefu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da maƙwabta, musamman Malam Mahfuzu da iyalinsa. Tunda kunnenka ba ya jin waya, na rubuto, yaya Kaleb zai kawo maka.

Baba, Kaleb ya ce ƙafarka ta sake kumbura, kuma ka ƙi komawa wurinsa kusa da likita. Wai in ka tashi, wa zai yi wa majami'a yaɓe kafin damina? Baba, kai kaɗai ka rage a cikinta. Duk masu bi sun bar ƙauyen tuntuni.

Bari in ba ka labari. A garin nan, inda nake jiran mota kullum in tafi aiki, akwai wani allon ƙarfe jikin bango. Wata tsohuwa da nake kula da ita a gidan tsofaffi ta ce nan majami'ar masunta take dā. An gina ta da dutse, shekara wajen ɗari bakwai da suka wuce. Da aka samu rabuwar kai a kan addini, mutane suka koma babbar majami'ar kasuwa, ita kuma aka mai da ita rumbun hatsi. Rufi ya fara yoyo, ba mai gyara. Yau ko tubali ɗaya babu a wurin, sai motoci.

Ka gani, Baba? Ta dutse ma ta tafi, balle tamu ta laka. Don Allah ka bi Kaleb.

Ka huta lafiya.
Ɗiyarka, Jemima

*

Kusa da Garhanga, watan Maris

Ɗiyata Jemima,

Alherin Ubangiji shi kasance tare da ke. Takardarki ta iso, na karanta ta har sau biyu. Mahfuzu na amsawa. Ƙahwa da sauƙi, Kaleb ne da zuzuta magana, halin uwarku ya ɗauko.

Kin tahi ƙasar Turawa kin koyo wayo, kina watsa ma tsoho labari kamar mai watsa ma kaza tsaba. To ban ci ba. Abin da na ji cikin labarin naki guda ne: an bar ta, ta lalace. Shi ne kuwa abin da nike gudu.

Ɗakin nan ni da uwarki Marta munka tada shi. Ita ta ɗebo ruwan kwaɓa, tana da cikin Kaleb. Ƙasar ginin daga gonar uban Mahfuzu anka haƙo, bai karɓi komi ba. Ban iya kwana gidan Kaleb ina sane rufin na zubowa bisa bencin da ta zamna, awaki na shiga suna hita. Wannan ne ciwona, ya hi na ƙahwa.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Na yi aikin jera dutse a tuddan Keita zamanin furoje, babban aikin nan na gyaran ƙasa, na san nauyinai. Dutse ba ya narkewa. Majami'a guda ba ta ɓacewa haka nan, wani ya ɗauka. Ina duwatsun sunka tahi? Ki tambayo mini tsohuwar taki, ki gaishe ta.

Allah shi tsare ki.
Ubanki, Yosefu

*

Jamus, watan Afrilu

Babana,

Ina gaisuwa. Na kai saƙonka. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce tun da take ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ran hutuna ta sa na tura ta a kekenta muka zaga gari.

Ashe ba faɗuwa ta yi ba. Da suka ga rufin ba zai kai ba, mutanen gari suka taru suka kwance ta da hannunsu. Manyan duwatsun suna ƙarƙashin gadar da nake hayewa kullum. Katakon rufin ya tafi gidan niƙa. Sai ta nuna mini bangon wani mai gasa burodi, can ƙasa daidai gwiwa, ga dutse ɗaya da aka sassaƙa kifi a jikinsa. Ta ce daga ƙofar majami'ar ya fito, kuma kakarta ba ta wucewa sai ta shafa shi. Ya yi sumul saboda hannun mutane. Ni ma na duƙa na shafa.

Na ba ka labarin nan ne don ka ga ginin ba komai ba ne. Yanzu ban san abin da zan ce ba. Ba zan ƙara matsa maka ba. Amma ina jin tsoro, Baba. A aikina na ga inda irin wannan ƙafar take kai mutum, kuma ba na so a yanke maka ita.

Ka gai da kowa.
Jemima

*

Kusa da Garhanga, watan Mayu

Ɗiyata,

Gaisuwa da albarka. Na kwance ɗakin ibadar.

Azara na ba Mahfuzu, ɗakin uwatai ya tsage tun bara. Da hwari ya ƙi, ya ce kayan ɗakin ibada ne. Na ce ai shi ya sa ban son gara ta ci. Ƙohwa tana gidan Fatiha mai takaba, bencina suna lakwal, makarantar yara. Na uwarki kaɗai na riƙe.

Ran Lahadi na yi sujada ciki ba rufi. Mahfuzu ya zamna waje har na gama. Na yi kuka, ban ɓoye miki.

Bangon na bar ma ruwa, ƙasar ta koma gonar da ta hito. Sai dai ban son in gani. Ki ce ma Kaleb shi zo da mota kahin ruwan hwari.

Ubanki, Yosefu