Sunan da Baba Bai Taɓa Faɗa Ba

Ƙuba, Madina
3 ga Rajab, 1396

Yaya Lurwanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da aikin tashar jiragen ruwan Yanbu. Mu ma alhamdu lillahi.

Wani dattijo, Abdussamad, ya sauka a gidanmu. Wai tare suka yi aikin ɗakin wuta da Baba Rabo a jirgin ruwan yaƙin Ingilishin nan da Baba ya shiga a Bur Sudan. Ya lissafa mana komai: rakiyar jiragen kaya daga Adan zuwa Iskandariyya, luguden bam a hanyar Malta, har ranar da jirgin ƙarƙashin ruwa ya fasa musu ciki suka nutse. Inna Hajo, wadda shekara talatin da huɗu ke nan ta ƙi yarda Baba ya rasu, ta zuba masa ido ko ƙiftawa babu.

Ya ce da ruwa ya kai musu ƙirji, sunanka Baba ya kira. Nan na fara shakka. Kai ne ɗan fari, kuma Inna ta sha gaya mana ko da wasa Baba bai taɓa kama sunanka ba, sai dai ya ce "yaron nan". Ga shi mutumin ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana neman mai tsaya masa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

17 ga Rajab

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafin bakin teku?

Na bincika. Mai kantin unguwarmu ya ce kafin dattijon ya yi mana sallama, sai da ya tambaye shi sunan babban ɗan gidan. Jirgin kam ya san shi, ƙunar tukunyar wuta tana hannunsa. Sunan ne tsintuwa.

Na shiga ɗaki da niyyar tona shi, sai na tarar Inna tana tsefe kanta. Ta ce ta gaskata shi, don mutuwa ce kaɗai za ta cire wa Baba wannan kunyar. Ta ɗauki takaba, ta kuma daina barin ƙofa a buɗe don jiran dawowar Baba.

Ban yarda da shi ba, Yaya, amma na haɗiye maganata. Ka zo ranar Juma'a ka tsaya masa. In ya maimaita labarin a gabanka, don Allah kada ka dube ni.

Taka,
Sa'adiya