Man da Gwiwarka Ta Shanye

Baban yara,

Na tafi asibiti, ƙanwata ta zo ta ɗauke ni. Ban tashe ka ba, don in na buɗe baki yanzu ba za ka ji da daɗi ba.

Jirin nan ya dawo da safe. Juyawa kawai na yi a kan filo, ɗakin ya kama juyi da ni har na yi amai. Ina durƙushe ina jira ya lafa, sai idona ya faɗa ƙarƙashin gado ta ɓangarenka. Ga man nan nawa, an matse shi tas, kusa da bandejin gwiwarka.

Ba man zafi ba ne. Maganin zufa da rashin barci ne da likita ta rubuta min tun da al'ada ta ɗauke. Na birkice gidan nan ina nemansa kana kallona. Na ce na manta inda na ajiye, ka ce tsufa ne. Na ce jiri, ka ce tsufa ne, in yi haƙuri. Har gashin ƙafarka na gani manne a murfin. Tir.

Bokitin yana bayan ƙofa. Ka zubar, ka wanke da sabulu, ka cire zanen gado.

In ka ji ƙirjinka ya fara tsami yana tasowa, kada ka kira ni. Tsufa ne, ka yi haƙuri.

Maman yara