Gadon da Rakiya ke gyarawa

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan Dakoro lafiya lau.

Zancen ɗiyarka Rakiya ya dame ni. Tana wani wasan gina gari a salular da ka aiko. Mutanen garin suna noma amma ba sa haihuwa, sai an ba su abinci an ajiye gadon da ba mai shi. Ta ajiye, aka sami jariri.

Tun ranar, in ta taso daga makarantar lakwal sai ta gyara gadonka. Na ce, "Wa zai kwana?" Ta ce, "Inna, a garina gado ke kawo mutum."

Don Allah ka kira ta, ka faɗa mata yaushe za ka zo.

A sa mu cikin addu'a, a gaida abokan zama.

Uwar Rakiya