Takardar Tsige Yaya

Zuwa ga ƙanena, sakataren ƙungiyar teloli,

Assalamu alaikum. Ya iyali? Na san taku biyar ne tsakanin kekena da naka, amma tunda da takarda ka zo mini, da takarda zan amsa.

Autata ta karanta mini saƙonku, wai ranar Asabar za a tsige ni daga shugabanci. Na ce ta bincika mini kalmar. Ta ce raba mutum ne da mulki ba da son ransa ba, galibi don ya yi laifi. Shekara goma sha tara hatimin ƙungiya yana aljihuna. Yadin wa na ci? Kujera dai ba gadon gidanmu ba ce. Abin da ya ƙona mini rai, an ce sa hannunka ne a ƙasa.

Ka huta lafiya.
Yayanka

*

Ranka ya daɗe, Yaya,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa da girmamawa. Ba ka ci yadin kowa ba, ko maƙiyinka ya shaida.

Amma ka san aikin shugaba ne ya duba ɗinkin duk mai neman shiga ƙungiya kafin ya buga hatimi. Watan jiya ka ɗaga wata riga sama, ka ce “Madalla da gwani,” alhali an juya mata aljihu, bakinsa yana kallon ƙasa. Mutum talatin suka sunkuyar da kai don kunyarka. Idonka ya tafi, Yaya, kana ɓoyewa, mu ma muna taya ka. Allurai shidan da kake tararwa da zarensu kowace safiya, kana zaton aljanu ne?

Na sa hannu ne don takardar tsigewar ta tsaya a wurina. Ba za a karanta ta ba sai Asabar. In taka takardar ta riga ta isowa, sunan abin murabus, mai shi da ƙafarsa yake sauka. Wallahi ba na son in karanta waccan da bakina.

Allah Ya ƙara girma.
Ƙanenka

*

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ga murabus, ga hatimi cikin ambulan. Ka yaga waccan.

Batun allurai kuwa, na sani tun ranar farko. Duk garin nan kai kaɗai ke barin zare tsawon igiyar shanya, shekara talatin ina hana ka. Na yi shiru ne don kada ka daina.

Gobe baƙin zare nake so. Ka rage tsawo.

Yayanka, tela