Mayafin da Sabino Ya Fizge

Kusko, ranar Litinin

Zuwa ga Goggona Fortunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba. Ya kasuwa, ya ƙafar taki? Mun iso lafiya, ni da 'yan ajinmu. Baba Eulogio direba ya ce kullum sai ya bi ta gaban rumfarki in ya koma Sikuwani, don haka ta hannunsa za ki riƙa samun saƙona.

A wani aji muke kwana, mun ture bencina gefe. Yau aka kai mu Saksaywaman, tsohuwar ganuwar nan ta manyan duwatsu. Goggo, na dafa dutse ɗaya da ya fi ɗakinmu girma, sai na ji ɗuminsa kamar bayan dabba. Malam Zenon yana ta bayanin yadda aka sassaƙa su, ni kuwa tunanina ya tafi kan ko wata yarinya ta taɓa tsayawa daidai nan tana jiran wani. Malam bai gama bayanin ba ma numfashi ya gagare shi. Kin san mutumin Lima, ɗan bakin teku, da tudu. Ganyen kokan da muke taunawa saboda tudu, wanda yake cewa ƙazanta ne, yau shi ya roƙa.

Kada ki faɗa wa Baba, na taho da littafin nan mai jan bango, na saka shi cikin na tarihi. Na kai inda saurayin ya aiko mata da farar fure.

Abu ɗaya ne ya ɓata min rai. Kin tuna Sabino, yaron nan da ya sauko daga wajen masu kiwon alpaka, dabbobin nan masu ulu, ya shigo ajinmu bana? Ina zaune ni kaɗai sai na ji tsakuwa a bayana. Na juya, yana kallon sama. Na koma karatu, sai ga wata. Ƙawata Maruja ta kama dariya har da riƙe ciki. Na ce mata mene ne, ta ce, "Ke dai ci gaba da karatunki, sarauniya." Me na yi masa, Goggo? Ni ko magana ba mu taɓa yi ba.

Ranar Asabar za mu hau jirgin ƙasa zuwa Machu Picchu, tsohon birnin nan na kan dutse. Shekara guda muna soya dankali muna sayarwa saboda ranar nan, har yanzu gashina ƙaurin mai yake.

Ki gaida Baba, ki ce ya rage gishiri.

'Yarki,
Nelida

Kusko, ranar Laraba

Goggo,

Ina gaisuwa.

Jiya a Pisak muna hawa matakalan gonakin nan da aka yanka a jikin dutse hawa-hawa, ina baya kamar kullum, na yafa mayafin da Inna ta saƙa kafin ta rasu. Ban ji tahowar kowa ba. Sai kawai aka fizge shi daga kafaɗata. Sabino ne. Ya ruga sama da shi, ya tsaya a kan wata katanga yana waiwayena, yana murmushi. 'Yan aji suka ɗauki ihu da fito. Ni kuwa na durƙushe na fashe da kuka.

Malam ya zo ya ce me ya faru. Na ce, "Ya sace min mayafin Innata." Haka na ce, Goggo, sata, a gaban kowa. Ihun ya mutu nan take. Malam ya kira shi ya ce, "Kai, ɗan dutse, haka ake yi a garinku?" Sabino ya ninke mayafin a hankali, gefe da gefe, yadda ake ninke kayan coci, ya miƙa wa Malam da hannu biyu.

Malam ya yanke cewa ba zai hau jirgi da ɓarawo ba. Ranar Juma'a da safe zai saka shi a motar Baba Eulogio ya koma gida. Maruja ta daina yi min magana, abin da ta ce kawai, "Ke makauniya ce ko muguwa?"

Na samu mayafina, to me ya sa ba na jin daɗi? Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da ya shigo ajinmu nake satar kallonsa. Shi ya fi kowa ɗauko buhunan dankalin nan, ba ya ƙorafi. In yana tafiya shi kaɗai yana yin wani fito siriri da nake ji har cikin haƙarƙarina. Na ɗauka wata rana zai ajiye min fure a kan benci. Ashe ba'a yake so ya mayar da ni.

Amma bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, Goggo. Da kunnena na ji yana faɗa wa wani.

Ki rubuto min, don Allah.

Nelida

Sikuwani, ranar Alhamis

Nelida 'yar ƙanena,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, kasuwa sai godiya, Babanki na nan yana cin gishirinsa.

Na karanta wasiƙunki biyu a jere, na yi dariya har mai sayar da cuku ta leƙo, daga baya na yi kuka. Laifina ne. Na bar ki da littattafan mutanen da suke yin soyayya da fure, ban zaunar da ke na faɗa miki yadda naku suke yi ba. Ke da tsakuwa ta same ki har sau biyu, ba ki tambayi kanki me ya sa ba ta yi zafi ba? Yaron da ke iya jifan dila daga nesa da majajjawa, kina ganin hannunsa ne ya mutu?

A can sama wajen masu kiwo saurayi ba ya buɗe baki. Kunya ba za ta bar shi ba, kuma wa zai aika? Sai ya jefa tsakuwa. In ba a zage shi ba, sai ya fizge hula ko mayafi ya gudu inda za a gan shi. Yarinya in tana so, ta bar masa, ko ta bi shi, ko ta rama. In ba ta so, sai ta tura babba ya karɓo mata. Ke kuwa kin tura Malam guda, kika haɗa masa da sunan ɓarawo. Ko 'yar gwamna ba ta ƙi mutum haka.

Kin ga tabon da ke saman girar Babanki, wanda yake cewa ƙofa ce ta buge shi? Ƙofar nan sunanta Innarki. Shi ya fara jifa a bikin askin ulun tumaki, ita kuma ta rama, sai dai ita ba ta san ƙaramin dutse ba. Ni na wanke masa jinin, yana ta washe baki kamar wanda aka naɗa.

Ban ce ki so yaron ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne, kuma karatu na gaba da komai. Amma bakin da ya ɗaure shi, shi zai kwance shi. Malaminku baƙo ne, bai sani ba. Na san magana a gaban mutane ta fi miki hawan dutse wuya. Ki hau.

Na sako miki gasasshiyar masara. Ki ba Maruja, tana da gaskiya.

Allah ya tsare min ke.

Goggonki,
Fortunata

Kusko, ranar Juma'a

Goggona,

Ina gaisuwa, na gode da masara.

Sai da safen nan Baba Eulogio ya ba ni wasiƙarki, a bakin ƙofar makaranta, Sabino kuwa har ya shiga mota da ƙunshinsa a cinya. Na karanta a tsaye. Da na zo kan tabon Baba na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

'Yan aji duk suna waje. Na je gaban Malam na tsaya. Ya ce, "Nelida, lafiya?" Na ce, "Malam, ba sata ba ce." Ya ce, "Ɗaga murya, 'yata." Na sake faɗa. Ya ce, "Wani ya tsorata ki ne? Da idona na ga ya fizga ya gudu. In ba sata ba, mece ce?"

Goggo, na duba ƙasa ko za ta tsage, ta ƙi. Na ce, "Tambayata yake yi ko ina sonsa. Haka ake tambaya a wajensu. Ni ce ban sani ba."

Wani daga baya ya yi fito, Maruja ta kai masa duka. Malam ya juya wajen Baba Eulogio, shi kuma ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in wannan sata ce, to ni ma a kama ni. Hular uwargidana tana cikin akwatina har gobe." Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya taka da kansa har ƙofar mota ya ce, "Sabino, sauko. Na faɗa maka maganar da ba ta dace ba, ka yafe min." Bai ce ɗan dutse ba.

Sabino zai hau jirgi gobe. Ya kamata in yi murna, ina yi ma. Amma da ya sauko ya bi ta gabana ya ce, "Na gode, 'yar'uwa," kamar wanda aka ba wa canji a shago. Bai kalle ni ba. Yini guda muna yawo a Kusko, ko tsakuwa ɗaya. Maruja ta ce a wajensa an riga an ba shi amsa tun a Pisak, kuma ba a tambaya sau biyu.

Na gama littafin. Sun yi aure. Ban ji komai ba.

Ki gaida Baba, amma kada ki ce na san zancen ƙofa. Ba zan iya kallon girarsa ba.

Taki,
Nelida

Kusko, ranar Lahadi

Goggo,

Ina gaisuwa. Mun je, mun dawo, gobe muna hanya.

Machu Picchu sai na zo zan ba ki labari, hazo ya rufe rabinsa, ni ma rabin hankalina ba ya wajen. Gwiwata ta ɗan kurje, kada ki tsorata. Matakalan can ba a yi su don gudu ba.

In kin zo kwance jakata za ki ga wata hular saƙa mai kunnuwa, ja da baƙi, tana warin hayaƙi da ulu. Ba tawa ba ce, fizgo ta na yi. Kada ki wanke, kada Baba ya gani.

Har yanzu mai ita bai turo kowa ya karɓa ba. Tun jiya yake yawo da kai a buɗe cikin sanyin nan, yana fito.

'Yarki,
Nelida